Ranar Da Iska Ta Yi Mini Rowa

Mai karatu, kafin in kai ka ƙasar Habasha, bari in fara nuna maka inda na fito, domin kuwa idan ba ka san inda mutum ya taso ba, ba za ka gane dalilin da ya sa wani abu ya ba shi mamaki ba.

Ni mutumin karkarar Dambatta ne, arewa da birnin Kano. Ƙasarmu a shimfiɗe take kamar tabarma. Idan ka tsaya a bakin gonarmu da rani, bayan an kwashe kara, idonka zai yi ta tafiya har ya gaji, babu abin da zai tare shi sai gawo da ɗorawa da kuka, sai kuma rufin kwanon wani ƙauyen yana ƙyalli. Mu ba mu da daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, kuma ko taku ɗaya ba a bari damina ta wuce ba a noma shi ba, shi ya sa kowace shekara sai mun yi ta jigilar taki a mangala. Abin da muke kira tudu a wajenmu, jaki yana hawansa da kaya bai ma san ya hau ba. Ni dai a rayuwata dutse mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne Dala, lokacin ina ɗalibi, shi ma a guje muka hau muna tsere da abokai.

A irin wannan ƙasa mahaifina ya yi noma fiye da shekara hamsin. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. Ina yaro "kai wannan" yake ce mini, da na yi karatu na kama aiki sai ya koma kirana Malamin Gona, rabi girmamawa rabi tsokana. Tsakanin gidanmu da gonar gandu tafiyar minti ashirin ce ga mai lafiya. To, da girma ya fara kama Baba, sai na lura tafiyar nan ta koma kusan awa guda. Yakan tsaya a gindin tsamiyar da ke bayan masallaci, ya sake tsayawa a bakin rijiya, sannan ya tsaya a gindin wani babban gawo da ke kan burtali. Kuma kowace tsayawa da dalilinta. Wani lokaci ya ja gaisuwa da mai wucewa har a tambayi kaji da awaki, wani lokaci ya tsura wa geron wani ido ya ce, "Kai, wane ya yi sammakon shuka bana."

Mun kai shi asibiti a birni. Likita ya ce zuciyarsa ce ta yi rauni, har ruwa yana ɗan taruwa masa a huhu. Na ji da kunnena, na sayi magani, na ɗauka na sauke nauyin da ke kaina.

Wata safiya lokacin noman firi, na ɗauki 'yan ƙwadago shida, an yi ciniki daga safe zuwa azahar. Muka fito tare da Baba. Ya tsaya a tsamiya, na daure. Ya tsaya a rijiya, na duba agogo. Da muka zo gawo ya sake tsayawa yana duban gonar maƙwabcinmu, sai na ce, "Baba, rana fa tana yi, ga mutane suna jira."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ku yi gaba, ga ni nan tafe."

Muka yi gaba. Har muka tashi bai iso ba. Tun daga ranar Baba bai sake zuwa gonar gandu ba, ni kuwa har ina gaya wa mutane da bakina wai mun hutar da tsoho. Riƙe wannan a ranka, mai karatu, za mu dawo kansa.

A watan Yuli na shekarar 2017 aka sa sunana cikin malaman gona da za su je bitar mako guda a Adis Ababa, a kan irin dawa da hanyoyin adana hatsi. Ban taɓa fita ƙasar waje ba, ko Makka ban je ba a lokacin. Muka tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da rana. Wanda ke kusa da ni wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, zai sauya jirgi a can ya wuce Sin sarin kaya. Ya dubi 'yar shaddar da ke jikina ya ce, "Malam, ina rigar sanyinka?"

Na yi dariya na ce, "Alhaji, a tsakiyar damina?"

Ya ce, "To, Allah Ya kai mu lafiya."

Bayan tafiyar awa huɗu da wani abu aka ce mu ɗaura ɗamara, kuma mu ƙara awa biyu a agogonmu. Na leƙa ta taga na ga fitilu, amma ba a shimfiɗe suke ba kamar na Kano. Wasu suna can ƙasa cikin kwari, wasu sun hau sama sun maƙale a jikin duhu kamar an rataye su. Kafin in gama tunanin ko fitilu ne ko taurari, sai na ji tayoyi sun taɓa ƙasa. Na ji a raina kamar ba mu gama saukowa ba, kamar ƙasar ce ta taso ta tarye mu a hanya. Ashe kusan hakan ne. Filin jirgin Bole yana bisa tsawon da ya haura mita 2,300 daga doron teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Garin Jos da muke ta ba da labarin tudunsa da sanyinsa, wajen mita 1,200 ne, wato sai ka ɗora Jos a kan Jos kafin ka zo kusa da inda muka sauka.

Muna fitowa waje sanyi ya mare ni. Sanyi ne irin na tsakiyar hunturu, sai dai namu busasshe ne mai ƙura, wannan kuwa jiƙaƙƙe ne, yana ratsa shadda ya shiga ƙashi. Ana yayyafi. Iskar garin tana ɗauke da wani ƙamshi da na kasa rarrabewa a daren, sai daga baya na gane hayaƙin itacen turare ne ya gauraya da na gahawa da ake soyawa da na lubban. Mutane suna ta wucewa cikin manyan rigunan sanyi, wasu sun lulluɓa da farin mayafin saƙi. Ka ga wata fuskar ka rantse Bafulatanin Dambatta ne, ka ga wata ka ce Shuwa ce daga Borno, amma da sun buɗe baki sai ka san kai baƙo ne. Na ɗaga kai in karanta alluna, na ga wani irin rubutu mai ƙafafuwa da ƙahonni kamar tururuwa sun yi sahu. Ni da nake karanta boko da ajami, ga ni tsaye ko harafi ɗaya ban iya fitarwa ba.

Aka kai mu masauki, aka ba ni ɗaki a hawa na uku. Abokan tafiya suka yi cincirindo a bakin na'urar hawa bene, ni kuwa na ga ɓata lokaci ne. Mutumin da yake saɓa buhun gero ya kai rumbu, hawa uku ne zai tsaya jira? Na ɗauki jakata na kama matakala bibbiyu.

Hawa na farko lafiya. Ina isa tsakiyar na biyu sai na ji ƙirjina yana dukan tara-tara, kunnuwana suna shuu, gwiwoyina sun saki. Na buɗe baki na ja iska, na sake ja, amma kamar mai ɗiban ruwa da ƙwaryar da ta tsage. Ga wata yarinya ma'aikaciyar masaukin tana saukowa da tulin barguna a hannu, ko haki ba ta yi. Kunya ta kama ni kada ta ga ƙato kamata ya tsaya a kan hanya yana huci. Akwai wani hoto a bango, na wani dutse da coci a kansa. Sai na ajiye jaka na tsura wa hoton nan ido, har ina gyaɗa kai kamar wanda ya san wurin. Ta gaishe ni da yarensu ta wuce. Na daɗe a gaban hoton nan kafin in iya ƙarasawa ɗaki.

Na yi sallolin da ke kaina, na shige cikin bargo biyu. Abin mamaki, ga damina ga ruwa, amma babu gidan sauro kuma babu kukan sauro. Barci ya ɗan ɗauke ni. Can cikin dare na farka firgigit kamar an danne mini hanci, kaina yana sarawa, zuciyata tana gudu ni kuwa ina kwance. Na tashi zaune na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Wallahi mai karatu, babu irin tunanin da bai zo mini ba. Na ce ko ciwon zuciya ne ya same ni, na ce ko ɗakin ne yake da mutanen ɓoye, har na fara tunanin idan ta Allah ta kasance a nan, wa zai yi mini wanka, wa zai kai labari gida.

Da zama ya gagara sai na lallaɓa na sauko ƙasa. A bakin ƙofa na tarar da wani dattijo mai gadi, ya duƙunƙune cikin farin gwado mai kauri, ga ɗan kaskon gawayi a gabansa. Ba ya jin Hausa, Turancinsa kaɗan ne, nawa Larabcin na makarantar allo ne. Na dafa ƙirji na nuna masa yadda nake haki. Ya dube ni, ya dubi hulata, ya ce, "Nijeriya?" Na ce e. Sai ya yi murmushi irin na wanda ya saba ganin haka, ya nuna sama da yatsa, ya nuna ƙasa, sannan ya jawo mini kujera kusa da wuta. Ya zuba mini shayi mai zafi, ya kawo ruwa a gora ya nuna in yi ta sha. Sannan ya shimfiɗa tafin hannunsa yana saukar da shi a hankali, yana cewa, "Ƙas ba ƙas. Ƙas ba ƙas."

Abin da ya fara kama kunnena shi ne yadda ya furta "ƙ" ɗin nan tsaf irin namu, wanda Bature da Balarabe suke fama da shi. Daga baya aka fassara mini cewa sannu sannu yake nufi, kuma farkon wani karin maganarsu ne da ke cewa sannu sannu ƙwai zai yi tafiya da ƙafarsa. Na ce ikon Allah, mu kuma muna cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ina zaune gaban wutar nan, numfashi ya fara daidaita, sai hoton bangon nan ya faɗo mini a rai. Na tuna yadda na tsaya ina gyaɗa masa kai don kada yarinya ta gane halin da nake ciki. Nan take na ga Baba a gindin gawo, ya tsura wa geron maƙwabci ido yana cewa wane ya yi sammakon shuka. Ashe ba gero yake kallo ba. Ashe gaisuwar nan mai tsawo a bakin rijiya, numfashi yake nema a cikinta, yana ɓoye wa ɗansa don kada a ce ya gaza. Ni kuma na duba agogo na ce masa rana tana yi. Hawaye suka zubo mini. Dattijon nan ya ɗauka ciwon ne ya tsananta, ya dafa kafaɗata yana ta maimaita mini ƙas ba ƙas.

Da gari ya waye, kafin a fara bita, jagoranmu ya yi mana bayanin abin da ya kamata a ce mun sani tun daga gida. Ya ce iska tana da nauyi, kuma duk yadda ka yi sama sai ta ƙara sakwarkwacewa. Iskar Adis Ababa irin ta ko'ina ce, sai dai abin da huhunka zai kamfato a ja ɗaya bai wuce kashi uku cikin huɗu na abin da zai samu a bakin teku kamar Legas ba. Idan da Kano za a gwada, kamar ka saba ana auna maka mudu biyar ne, yau aka wayi gari ana ba ka huɗu a kuɗin biyar. Shi ya sa zuciya take ƙara gudu, numfashi yake ƙaruwa, wani ya yi ciwon kai, wani barci ya gagare shi. Ya ce a sha ruwa da yawa, a rage sauri, bayan kwana biyu ko uku jiki zai fara sabawa, wanda kuma ya yi makonni jininsa ma zai ƙara yawan jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iska. Ko ruwa a garin ba ya jiran digiri 100, yana kaiwa wajen 92 yake tafasa, saboda haka wake ya fi daɗewa a kan wuta. Sanyin tudun nan kuma shi ya hana sauron zazzaɓi sakewa a birnin. Ya ƙara da cewa wannan yana daga cikin abin da ke taimakon 'yan tserensu, irin su Abebe Bikila da ya ci gudun famfalaƙi na kilomita 42 a birnin Rum a 1960, kuma ba takalmi a ƙafarsa.

Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne lokaci. Na tambayi mai kawo abinci yaushe ake karin kumallo, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce ƙarfe ɗaya. Na ce a raina, waɗannan mutane sai bayan azahar suke karyawa? Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe a wajenmu shi ne ƙarfe ɗayansu. Da na zauna na yi tunani sai na ga lissafin manomi ne, domin Baba ma bai taɓa fara ƙirga yininsa daga tsakar dare ba, shi dai asuba, hantsi, walaha, azahar. Sannan na sayi rigar sanyi a wani kanti, aka rubuta mini rasit da hannu, na ga an sa shekarar 2009. Na mayar na ce an yi kuskure, mai kanti ya yi ta dariya. Kalandarsu daban take: wata goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, da wani ɗan ƙaramin wata na goma sha uku mai kwana biyar ko shida, kuma sabuwar shekararsu a watan Satumba take kamawa. Na bar gida a 2017 na sauka a 2009.

Shi kansa garin, da rana ta fito na gan shi sosai, babu titin da zai yi maka tafiyar kirki a miƙe bai hau ko ya gangara ba. Duwatsu sun yi masa ƙawanya, gajimare yana sauka ya zauna a kafaɗarsu, abin da ban taɓa gani ba, domin a wajenmu hadari a sama yake, ba a haɗa shi da ƙasa. Ga dogayen gine-gine ana ta yi, magina suna takawa a kan sandunan turare da aka ɗaɗɗaure, ga jirgin ƙasa mai aiki da lantarki da aka buɗe a 2015 yana wucewa ta saman gada, a ƙarƙashinta kuma ga jakuna da kaya suna ratsa motoci. Ga yara masu wanke takalma a kowace kusurwa, saboda taɓon damina. Na kuma ga talakawa kwance a gefen titi sun lulluɓa da leda cikin wannan sanyi, na ce ashe zafin ƙasarmu ma wani rufin asiri ne ga marar bargo.

Abincinsu kuwa, da aka fara ajiye mini shi na ɗauka tawul ɗin tumbin sa aka shimfiɗa a faranti. Sunansa injera, faffaɗa ne mai ƙananan ramuka, yana da tsami kamar sinasir ɗin da ƙullunsa ya kwana uku. Da wani hatsi ake yinsa mai suna tef, wanda ƙwayarsa ta fi ta acca ƙanƙanta. A kansa ake zuba miya da wake da nama, a yaga da hannun dama a dangwala, kuma a faranti ɗaya ake taruwa kamar yadda muke yi. Bayan abinci sai wata mata ta zauna a kan 'yar kujera, ta soya gahawa a gabanmu, ta zagaya da ita kowa ya shaƙi ƙamshi, ta daka, ta dafa a tulun ƙasa mai dogon wuya, ga lubban yana hayaƙi ga gugguru a faifai. Zagaye uku ake sha, kuma ba a yi wa abin gaggawa. Ni da kullum idona yana kan agogo, sai ga ni na zauna fiye da awa guda a kan ƙananan kofuna uku.

Ranar Juma'a muka je Markato, kasuwar da idan ka haɗa Kurmi da Sabon Gari da Kantin Kwari wuri guda za ka fara kwatanta ta. A cikinta babban masallacin Anwar yake, kuma dab da shi akwai cocin Raguel. Sahu ya cika masallaci ya malalo kan titi. Ina zaune ina jiran huɗuba na tuna darasin da aka yi mana muna yara, cewa a shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (SAW) sahabbai suka yi hijirar farko zuwa wannan ƙasa, sarki Najjashi ya ba su mafaka. Wancan wuri yana can arewa mai nisa, domin ita Adis Ababa yarinya ce, ganuwar Kano ta girme ta da ɗaruruwan shekaru. A 1886 aka kafa ta, zamanin sarki Menelik na biyu da matarsa Taitu, kuma ma'anar sunan Sabon Fure. Shekara goma bayan haka, a 1896, suka karya rundunar Italiya a Adwa, saura shekara bakwai Turawan Ingila su ci Kano a 1903. Italiya ta dawo ta mamaye birnin daga 1936 zuwa 1941, kuma cikin waɗanda suka yi yaƙin korarta har da sojojin Nijeriya. A nan ne kuma Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zauna da sauran shugabanni a 1963 aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

Kwana ɗaya kafin mu taho aka hau da mu dutsen Entoto a mota, wanda ya haura mita 3,000, inda Menelik ya fara zama kafin a gangaro. A lokacin jikina ya saba da cikin gari, amma muna fitowa daga mota hakin ya dawo sabo. A kan hanyar nan na ga mata, wasu sa'o'in mahaifiyata, suna gangarowa da dammunan itacen turare a gadon baya, faɗin dammin ya kusa tare rabin titi, sun sunkuya suna takawa da sauri-sauri za su kai birni su sayar. Ni kuwa hannu rabbana, ina dafe da mota. Duk wani alfahari da nake yi da ƙarfin jikina a nan ya ƙarasa zubewa. Na gane ƙarfin nan da nake taƙama da shi aro ne, ƙasar Dambatta ce take ba ni iska mudu biyar cur, ni kuma na ɗauka ƙoƙarina ne.

A daren na kira gida, aka kai wa Baba waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Malamin Gona, yaya ƙasar mutane?"

Na ce, "Baba, lafiya lau, sai dai iskarsu ba ta ƙosarwa. Mutum ya yi ta ja, ba ta isarsa."

Ya yi shiru, ina jin numfashinsa a cikin wayar. Sannan ya ce, "To, ka riƙa tsayawa kana hutawa. Ba abin kunya ba ne."

Na kasa ce masa komai.

Da jirgi ya sauke mu a Kano aka buɗe ƙofa, iska mai ɗumi da nauyi ta cika mini ƙirji, na ja ta har ƙasan ciki. A nan wani tunanin ya sake kama ni. Ni tawa rowar iskar ta mako guda ce, kuma da tikitin dawowa a aljihuna. Shi Baba a kan nasa dutsen yake kwana yake tashi, a tsakiyar ƙasar da ba ta da tudu, kuma babu jirgin da zai sauko da shi.

Ban iya zuwa na ce masa ya yafe mini maganar gindin gawo ba, ka san yadda muke da iyayenmu, wata maganar nauyinta ya fi ƙarfin baki. Abin da na yi shi ne, da kaka ta yi dawa ta sunkuyar da kai, na je na durƙusa na ce, "Baba, akwai wani iri da na gwada a gefen gandu, na kasa gane ko ya isa yanka. Da za ka daure ka duba mana." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a miƙo masa sandarsa. Na ce in kawo babur, ya ce shi bai taɓa zuwa gonarsa a kan babur ba.

Muka fito bayan hantsi, na bar agogo a gida. Muna isa tsamiya, tun kafin ya rage tafiya, na riga shi tsayawa na ce takalmina ne ya shiga ƙaya. A bakin rijiya na ja gaisuwa da masu ɗiban ruwa har na tambayi awakinsu. A gindin gawo na tsura wa gonar maƙwabcinmu ido na ce wane ya yi sa'ar wake bana. Baba ya jingina da gawo yana mayar da numfashi, ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Malamin Gona, kai ma ka fara tsufa ke nan?" Na ce, "Da alama, Baba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da muka isa ya kama zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannu, ya ciza ƙwaya, ya ce a ƙara mata kwana bakwai. Haka aka yi. Mun sake yin irin wannan tafiya sau da dama kafin Allah Ya karɓi abinsa cikin hunturun 2019.

Jama'a sukan tambaye ni me na gani a Habasha, sai in ba su labarin agogo da injera da shekarar 2009, a yi dariya. Wannan ɗayan labarin ban cika bayarwa ba sai yau. Hausawa sun ce jiki magayi, ni kuwa sai da aka ɗaga ni sama da mita dubu biyu kafin nawa jikin ya gaya mini abin da likita ya faɗa mini da baki ban ji ba. Kai mai karatu ba sai ka sayi tikiti ba. Idan kana tafe da tsoho ko marar lafiya ka ga ya tsaya yana duban abin da bai kai a duba ba, ka tsaya ku duba tare.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.